Sabon Inji a Tsohuwar Jif

Ta cikin hayaƙi Auta ta fara ganinsa. Tsohuwar jif ɗin da mahaifinta ya bari ce ta yi wata ƙara kamar ana buga guduma cikin durom, ta girgiza sau biyu, ta mutu a tsakiyar titi, manyan motoci na wucewa dama da hagu. A kujerar baya Umma ce kwance, ƙafafunta a kumbure, numfashinta sama-sama. Saura minti ashirin layinta ya zo a ɗakin wankin ƙoda.

Auta ta murza makulli, ta sake murzawa. Wani dogon saurayi cikin kayan aiki da suka sha baƙin mai ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Daina murzawa, 'yar'uwa. Saki birkin hannu, ki riƙe sitiyari da kyau."

Shi da wasu masu wucewa suka tura motar gefe. Ya leƙa baya, ya ga Umma, ko bonet bai buɗe ba. Ya tsallaka titi da gudu ya shiga garejinsa, ya fito da wata 'yar ƙaramar mota.

"Jif za ta iya jira, Umma ce ba za ta iya ba. Ku shigo."

Dogo ake ce masa, bakanike ne. Washegari ya nuna wa Auta sandar awon mai, ga ɓurɓushin ƙarfe na ƙyalli a jikinta.

"Injin ya buga. Famfon mai ne ya tsaya, ƙarafan ciki suka ci juna. Ba ya gyaruwa, sai dai a sauke shi a ɗora wani. Kuma irin wannan tsohon yayi, samunsa sai an sha yawo."

Sau uku a mako ake wa Umma wanki, kuma ba ta iya cunkoson motar haya. Likita ya riga ya gaya mata abin da tsallake wanki biyu a jere yake jawowa.

"Kafin a samu fa?" Auta ta tambaya.

"Kafin a samu, kin yi sabon direba. Sai dai ba ya jin magana, kuma motarsa ba ta da rediyo."

Haka aka yi. Litinin, Laraba da Asabar, ƙarfe bakwai na safe yana ƙofar gida, ya kwantar da kujerar gaba ya shimfiɗa bargo. Awa huɗun da ake yi ana wankin, a benci ɗaya suke zaune. Auta ba ta iya ɗauke ido daga ƙofar ɗakin, duk fitowar ma'aikaciyar jinya sai gabanta ya faɗi. Shi kuwa sai ya yi ta ba ta labarin motoci da masu su har ta yi dariya ba ta shirya ba.

Saƙonni suka biyo baya.

"Direbata, yau na leƙa wurin 'yan kayan mota har uku, babu. Amma kada ki sa damuwa, ko a ƙarƙashin ƙasa yake zan tono shi."

"Dogona, ka ci abinci kuwa? Ko sifana ka tauna?"

"Na ci. Amma ban ƙoshi ba sai da saƙonki ya shigo."

Umma tana lura. Ranar wata Laraba da suka dawo, ta kira Auta ɗaki ta sa ta rufe ƙofa.

"Yaron nan ba shi da aibu. Amma ba zan ba bakanike 'yata ba."

"Umma, ai Baba ma..."

"Shi ya sa." Idanun Umma suka kawo ruwa. "Kina makaranta lokacin, ba ki gani ba. Ni aka kira garejin. Mota ta zame daga kan jak, na tarar an rufe shi da tamfol, ƙafafunsa kawai ake gani. Shekara bakwai, har yau in na ji ƙarar ƙarfe ya faɗi sai jikina ya mutu. Ga mai kemis na bakin layi ya yi magana sau biyu. Shi dai a zaune yake ƙarƙashin fanka, ba abin da zai faɗo masa."

Auta ta yi kuka har kanta ya yi ciwo, amma ba ta gaya wa Dogo ba.

Ranar Asabar, ana fitowa daga wanki, Umma ta aike ta karɓo magani. Da ta dawo ta tarar da Dogo idonsa ja. Litinin kuma wani direban tasi ne ya zo, ya ce Dogo ya turo shi. Ta kira, ba a ɗauka ba. Ta tura saƙo huɗu, babu amsa.

Mai kemis ya tare ta a bakin shagonsa yana murmushi.

"Na ga an canza direba. Ai dama, wane saurayi ne zai jure jigilar asibiti? Gajiya ya yi."

Maganar ta zauna mata a ƙirji, don abin da take tsoro ke nan tun farko. Kwana tara bayan waccan Asabar saƙo ya shigo.

"An samu inji. Gobe da safe za a ɗora. In an gama zan aiko da makulli. Allah ya ƙara wa Umma lafiya."

Babu Direbata, babu komai. Da sassafe ta saka mayafi ta nufi garejin, ta ƙudurta sai ya gaya mata dalili a gaban idonta.

Ta tarar an cire bonet an jingine shi a bango. Tsohon injin na gefe kan tayoyi, baƙi ƙirin. Sabon kuwa yana rataye a sarƙa daga wasu ƙarafa uku da aka kafa a kan motar, yana lilo a hankali. Wani dattijo abokin aikinsa na sassauta sarƙar, Dogo ya tura hannuwansa biyu a ƙasa yana daidaita bakin injin da na giya.

Auta ta tsaya daga bakin garejin tana kallo. 

"Kaɗan-kaɗan, Baba," in ji Dogo. "Ƙara kaɗan. Tsaya nan."

Sai sarƙar ta yi ƙas, ta zame.

Ihun da ya cika garejin na Auta ne, ba nasa ba. Injin ya danne masa hannun dama a jikin ƙarfen motar. Maza huɗu suka rugo da dogon ƙarfe suka ɗaga, aka zaro shi. Jini na bin gwiwar hannunsa, fuskarsa ta yi fari fat. Auta ta cire mayafinta ta naɗe hannun, ta fizge makullin 'yar motarsa daga ƙusa.

Ba ta san yadda ta ratsa cunkoson ba. Tana tuƙi tana kiran sunan Allah, tana waiwayensa.

"Kada ka rufe ido! Dogo, yi mini magana!"

"Kalli hanya, Direbata," ya ce da ƙyar.

"Yanzu ka tuna da sunan? Ka gaji da mu sai ka ɓace?"

"Gajiya? Umma ce ta roƙe ni. Ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce in bar ki don Allah. Ya zan ce mata a'a?"

Awa uku aka yi a ɗakin tiyata, Auta na tsaye jikin bango. Da likita ya fito ya ce yatsu biyu sun karye, jijiya ta tsage, amma hannun zai rayu, sai ta sulale ta zauna a ƙasa.

Washegari ranar wanki ce. Ana cire wa Umma allura ta ce a tura ta a keken marasa lafiya zuwa ɗakin maza inda aka kwantar da Dogo. Dogo ya yunƙura zai sauko daga gado, ta ɗaga masa hannu. Ta daɗe tana kallon farin bandejin.

"Na raba ku ne don kada ta ɗanɗani abin da na ɗanɗana," ta ce a hankali. "Jiya ta shigo gida babu mayafi, jininka a rigarta, ta zauna bakin gado ko ruwa ta kasa sha. Na dube ta na ga kaina. Ashe na makara, ɗana. Da aure da babu aure, tsoron ya riga ya shiga."

"Ki yafe mini, Umma."

"Me ka yi mini banda alheri? Abu ɗaya nake so. Wannan sarƙar, a jefar da ita. Kuma kada ka ƙara sa hannu ƙarƙashin abin da ke rataye."

"Na yi alkawari."

"To ka turo manyanka."

Auta ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa.

Bayan mako uku aka ƙarasa aikin da sabuwar na'urar ɗagawa. Dogo na tsaye nesa, hannu a saƙale a wuya, yana ba da umarni. Aka ɗaure notina, aka jona wayoyi da lagireto, aka zuba mai da ruwa. Ya miƙa wa Auta makulli. Ta zauna ta riƙe shi.

"In bai tashi ba fa?"

"Sai mu sake sauke shi. Murza, Direbata."

Injin ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari, sannan ya kama da wani sanyin sauti. 'Yan garejin suka ɗauki tafi.

Wata huɗu bayan haka aka ɗaura aure. Yatsunsa biyu sun warke a ɗan karkace, Auta na tsokanarsa wai yanzu ko'ina ya nuna, kwanar hanya yake nunawa. Da za su tafi suka durƙusa gaban Umma. Ta ɗora hannu ɗaya a kan 'yarta, ɗaya a kansa, hawaye na zuba tana murmushi.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari. Kai kuma, Allah ya sa kullum da yamma ka shigo mata gida da ƙafafunka."

Suka haɗa baki suka ce amin.