A Sha Fa

Ranar Asabar da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Ajingi, wai an kama ɓarawon magani a ƙaramin asibitin wani ƙauye da ke gefen Toranke. Sufeto Da'u ya ture kofin shayinsa, ya ce Kofur Hafizu ya tayar da mota.

Ɓarawon da suka tarar dattijo ne, Usaini maigadin asibitin. An zaunar da shi a ƙasa a bakin ƙofa, jama'a sun kewaye shi, har da waɗanda a gabansa aka haife su. Abin dai ba kyan gani.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Alhaji Ɗanasabe, shugaban kwamitin asibitin, mai neman kujerar kansila. Ya sa takunkumi da baƙin tabarau, ya jawo hula har gira.

"Yallaɓai, a tafi da shi," in ji shi. "Litinin a kai shi kotu. Aikin gadi kuwa ya gama shi ke nan."

"Mura ce, Honarabul?" Sufeto ya tambaya.

"Mura ce, ta ƙi sakina."

Sufeto ya ce Allah ya sawwaƙe, ya sa aka ba dattijon benci, ya wuce ɗakin ajiyar magani.

Kwaɗon ƙofar lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. A ciki ga allurai, ga maganin zazzaɓi mai tsada, duk suna nan a jere. Malama Karimatu, jami'ar lafiyar wurin, ta nuna masa inda aka ɗauke kwali guda.

"Bitamin C ne, Yallaɓai, farar ƙwayar nan."

"Shi kaɗai? To me yake yi da har ɓarawo zai tsallake waɗannan?"

"Masu ciki nake ba wa tare da maganin ƙarin jini, yana taimaka wa jiki ya karɓe shi. Sai tsofaffin da dasashinsu ke jini, da masu ciwon da ya ƙi warkewa. Yana kuma gyara fata. Wanda ke samun gwaiba da lemo da tumatir da zogale ba ya ma buƙatarsa, amma ba kowa ke samu ba." Ta goge ido da gefen hijabi. "Yau mata sun zo, na sallame su hannu rabbana."

"Makulli nawa ne?"

"Ɗaya."

Sufeto ya zuba mata ido. Wannan kallon nasa ya fi mari, duk Ajingi an sani.

"Biyu," ta ce a hankali. "Ɗayan yana wajen shugaban kwamiti. Amma shi ya tsaya aka yi mana rufin nan, Yallaɓai."

Sufeto ya fito ya zauna kusa da Usaini.

"Baba, jiya ina ka je?"

"Ban motsa daga ƙofar nan ba."

"Har lokacin Juma'a?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Astagfirullah. Na je masallaci, Yallaɓai. Tsoro ya sa na ɓoye."

"Ka ga Alhaji a can?"

"Ya kwana biyu ba ya zuwa. Ya ce a Gaya yake yin tasa." Ya ɗago kai ya dubi Sufeto. "Ni ba kotun nake ji ba. Jikokina sun ga an zaunar da ni a ƙasa."

Kafin nan Honarabul ya sulale gida, wai murar ta motsa. Sufeto ya ce Usaini da Malama Karimatu su shiga mota. Jama'a suka ɗauka an kama su ne, suka biyo baya da ƙafa.

Bangon gidan Alhaji Ɗanasabe fal yake da fostocinsa. Mutumin da ke jikin fostocin fari ne tas, kumatu na sheƙi.

"Baba, wannan ƙaninsa ne?" Kofur Hafizu ya tambaya.

"Shi ne," in ji Usaini. "Amma baƙi ne, irin mahaifinsa."

Suka shiga zaure. Ƙamshin lemon tsami ya cika wurin, ga ɓawonsa tuli a bayan ƙyaure. Kusa da shi akwai ɗan turmin daka yaji, cikinsa fari fat. Sufeto ya dangwala yatsa ya ɗanɗana. Tsami ne ya gauraye masa baki.

Can sai ga maigidan ya fito daga banɗakin baƙi, buta a hannu. Yana ganinsu ya tsaya cak.

"Honarabul, me ake dakawa a nan?"

"Alli ne. Na yara."

"Alli mai tsami? Ikon Allah. Makullin ɗakin magani fa?"

"Ya ɓace tuntuni."

"Jiya a wane masallaci ka yi Juma'a a Gaya?"

"Na... na kusa da kasuwa."

Daidai nan aka kira azahar. Sufeto ya tuɓe takalmi, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki wata butar.

"To bismilla, mu yi alwala mu bi jam'i, sai mu ƙarasa."

"Ina da alwala."

"Haba Honarabul! A gabanmu ka fito daga banɗaki."

Alhaji Ɗanasabe ya tsuguna, ya wanke hannu, ya sake wankewa, ya kuma wankewa. Daga nan sai kurkurar baki, kuma ba a yin ta da takunkumi. Ya cire shi, ya cire tabarau.

Malama Karimatu ta yi salati. Kumatunsa sun ƙone, nan baƙi ƙirin, nan ja jawur, fata na saɓulewa har gefen hanci.

"Mai hoto ne a Gaya ya haska ni a kwamfuta," ya ce, idonsa a ƙasa. "Yaran gari suka fara cewa a zaɓi na jikin takarda, ba ni ba. Sai na sayi man bilicin a ɓoye. Kun ga abin da ya yi min. Rannan ina wucewa ta tagar asibiti na ji Malama tana gaya wa mata bitamin C yana gyara fata, ta ce a shafa."

"Ni?" Malama Karimatu ta dafe ƙirji. "Cewa na yi a sha fa! A sha fa, kada a ajiye a ƙarƙashin katifa! Na shafawa daban yake, Alhaji. Ka daka ƙwaya da lemon tsami ka zuba a kan ɗanyen ciwo? Da ka tambaye ni, ai da na tura ka wajen likitan fata."

"Da wane idon zan tambaye ki?"

"Amma ka sami idon zaunar da Baba a ƙasa," in ji Sufeto Da'u. Ransa ya ɓaci sosai, bai kuma ɓoye ba. "Ina sauran?"

Kofur Hafizu ya zaro kwalin daga ƙarƙashin buhunan gero, an cinye kusan rabinsa.

Da suka idar da salla a zauren, Sufeto ya ce a tafi. Hayaniyar jama'a ta cika ƙofar gida. Alhaji Ɗanasabe ya laluba takunkuminsa, ya tarar ya faɗa cikin ruwan alwala, ya jiƙe da taɓo. Ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ta ƙi ɗaguwa.

Usaini ya sauke hiramin da ke kafaɗarsa ya miƙa masa.

"Rufe fuskarka, Ɗanasabe. 'Ya'yanka suna waje."

Ya karɓa bai iya kallonsa ba. Ya lulluɓe kai, Kofur ya riƙe hannunsa suka fita. Usaini ya biyo bayansu, ya ce wa yara su ba da hanya.