Finjali na Uku

A damanar da Inna Fanta ta rasu aka daina dafa shayi na uku a gidan Malam Idrisa da ke Kwaya.

Kafin nan, duk bayan la'asar Malam yakan zauna a gindin dalbejiyar ƙofar gida da shuɗiyar butarsa. Na farko mai ɗaci nasa ne da abokansa, na biyu na duk wanda Allah ya kawo. Na uku kuwa, wanda ganyen ya yi laushi aka sa masa na'ana'a, shi da kansa yake miƙewa ya kai wa matarsa har ɗaki, domin ita ba ta son ɗaci. Tun da ta rasu, da an shanye na biyu sai ya juye ganyen ya kashe gawayi. Babu wanda ya taɓa tambayarsa dalili, har autarsa Hinda, wadda ke koyarwa a lakwal, wato makarantar boko ta garin.

Mahdi, majo, wato babban ma'aikacin jinya a gidan likita na Sassumbrum, ya daɗe yana neman Hinda. Magabatansa sun zo, Malam ya ce, "Za mu duba," bai ƙara ba.

"Hindatu, an mai da ni Dungas, bayan kaka zan tashi," in ji Mahdi wata rana a zauren yayarta Rahina. "Don Allah mene ne laifina a wurin Baba?"

"Ranar da ya je awon hawan jini ya gan ka..."

"Ina yin me?"

"Kana shan shayi mai wutsiya. A tsaye!"

"Mai wutsiya?"

"Na 'yar jaka da zare. Ya ce bai ga yadda mutumin da ya kasa jiran buta zai yi haƙuri da 'yarsa ba."

Mahdi ya tuntsire da dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba.

"Mahaifina ne, Mahdi. Masu zuwa daga Magariya sukan tsayar da babur don finjalinsa kawai. Ina son ka, Allah ne shaidata, amma ba zan fita gidansa da 'za mu duba' ba. In bai ce ya ba ka da bakinsa ba, Dungas kai kaɗai za ka je."

A hankali ya ce, "To ki koya mini, sanyin idanuna."

A gidan Rahina ta koya masa: yadda ake ɗauraye ganye, yadda ake barin wuta ta yi aikinta ba a fifita ta da gaggawa, yadda ake ɗaga buta sama har kumfa ta tsaya a bakin finjali. Ta koya masa na farko da na biyu. Zancen na uku ne harshenta ya kasa ɗauka, ta ce a ranta ai Baba zai kashe wutar da kansa.

Ranar Juma'a Mahdi ya zo gaisuwa. Malam ya tura masa buta a gaban abokansa.

"Majo, an ce hannunka bai san komai ba sai allura. Bismillah."

Hinda tana bayan zana, tana salati a zuciyarta. Da na farko ya zagaya, Malam ya kurɓa ya ce, "Ɗacin ya yi. Kumfar ce dai take sauri kamar mai ita." Aka yi dariya. A na biyu bai ce komai ba, kuma Hinda ta san shirun mahaifinta yabo ne. Wani daɗi ya cika mata ƙirji.

Sai ga maƙwabci ya zo aron amalanke, Malam ya tashi ya kwance masa jaki. Kafin ya dawo, ƙanshin na'ana'a ya ratso zana ya iske Hinda. Ta leƙa ta kafar zana. Mahdi ya ƙara ruwa a buta, ya ciro na'ana'ar da ya zo da ita a aljihu!

Da Malam ya dawo, Mahdi ya durƙusa ya miƙa masa finjalin. Dattawan nan duk suka sunkuyar da kai.

"Wa ya ce ka dafa wannan?"

"Babu kowa, Baba... Na ga ganyen da sauransa, kuma na uku shi ne mai daɗin. Na ga bai dace a tashi ba ka sha ba."

Malam ya daɗe yana kallon finjalin bai karɓa ba. Hinda ta ga gemunsa yana rawa, hawaye suka zubo mata. Ta tabbata ita ce ta ɓata komai da shirunta.

"Allah ya jiƙan Fanta," in ji Malam da wata murya ƙasa-ƙasa. Dattawa suka ce amin. Ya share idonsa da gefen rawani. "Yaro, a gidan nan namiji ba ya shan na uku. Miji ne yake ɗauka ya kai wa matarsa."

Mahdi ya daskare, finjali a hannu.

"Uwata!" Malam ya ɗaga murya ya kira Hinda. "Tun na farko nake ganin ƙafafunki ta ƙarƙashin zana." Ya juyo ga Mahdi. "Tashi ka kai mata. Da hannu biyu, kada ka zubar da kumfar. Na ba ka ita."

Dattawa suka ɗaga hannu aka shafa fatiha.

Hinda ta karɓi finjalin. Ta kurɓa, ta dube shi cikin hawaye. "Sukari ya yi yawa, majo."

"Sai ki yi ta gyara ni har mu tsufa."

Ta gyara lulluɓinta, ta fito ta durƙusa a gaban mahaifinta, kanta a ɗage.

"Baba, bayan kaka zan bi shi Dungas. Amma duk Juma'a muna nan bayan la'asar, kuma ba za a sake kashe gawayin gidan nan a na biyu ba."