Saƙon Baturiya Mai Nono

Da yammacin wata Laraba, rana ta yi ja, na ɗauki babur ɗina a shagon maigidana Alhaji Sunusi da ke Bebeji, na ɗaure jakata a baya, na kama hanyar gida. A ranar na sauka daga jirgi a Kano. Gidana yana wani ƙauye ne a ƙasar Kiru, amma kafin in isa akwai saƙon da zan ajiye a gefen dajin Ɗansoshiya. Ɗan ƙulli ne a baƙar leda, bai kai dunƙulen hannu ba, yana cikin aljihun rigata.

Sunana Mainasara. A shekarar nan ciwon ƙafa ya zaunar da Alhaji, sai ya mai da ni ɗan aikensa na ƙasashen waje. Injinan ban ruwa da kayan sola yake sayarwa, ni kuma ni ke zuwa in duba kaya in sa a loda. Na je Sin, na je Dubai, na je Masar da Turkiyya, na ratsa ta Habasha har masu sharar filin jirgin suka fara gane fuskata. A ƙauyenmu aka laƙaba mini Na-Jirgi, ni kuwa ina ta hura hanci kamar ni na ƙera jirgin.

Yanzu in na tuna shekarar, wallahi yawu ne yake taruwa a bakina don ƙyama. Abincin jirgi mai ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. Banɗaki ba buta. Matashin kai da ban san ƙeyar wa ta yi gumi a kansa kafin tawa ba. Mutum ya zauna kusa da kai ya yi ta tari tun daga tashi har sauka, abin da ya sa na koma ɗaura takunkumi a baki ke nan, in na sauka in yar. A gida kuwa na bar matata Karima da 'yarmu Zahra'u. Na bar yarinyar tana koyon zama, na dawo na tarar tana rarrafe, na sake dawowa na tarar ta kama bango. In na miƙa hannu sai ta ƙanƙame uwarta tana kuka. Abin yana yi mini ciwo, amma nakan ce ai wata rana zan zauna.

A Dubai na fara gamuwa da tsohuwar da ke ba ni saƙon. Tana zaune a ƙasa a ɗakin jira na filin jirgi, da zane da mayafi irin na matan ƙauye, babu jaka a gabanta.

"Ɗan nan," in ji ta a hankali, "kai ba na Kiru ba ne?"

Na durƙusa na gaishe ta. Ta miƙo mini ƙulli ta ce in taimaka in kai wa ƙanwarta Baturiya, mai sayar da nono a gindin wata ɗorawa a hanyar Ɗansoshiya. Na san ana jan kunnen matafiya kan karɓar saƙo saboda masu safarar ƙwaya. Na matsa ledar, na ji ta da laushi kamar auduga. To mu a wurinmu ba a mayar wa babba saƙonsa, ba a kuma buɗewa. Na karɓa.

Na sake ganin ta a Sin. Na gan ta a Turkiyya. Kowace tafiya tana nan, da ƙullinta. Har dariya na yi a raina, na ce tsohuwar nan ta fi ni yawo.

Baturiyar ma ban taɓa rasa ta ba. Kullum da yamma nake isa, in tarar da ita ita kaɗai da ƙwaryarta, da wata tsohuwar zana jingine a jikin bishiyar. Sai ta karɓa, ta zubo mini kindirmo ta miƙo da ludayi, wai tukwicina. Wa yake ƙin tukwici? Nakan shanye tas, har in lashe ludayin.

Ran Larabar nan ma haka na nufa. Damina ta kusa ƙarewa, dawa ta yi tsayi ta rufe hanya hagu da dama. Ba mota, ba mai keke. Haƙorina na ƙasa, wanda ya hana ni barci a Masar har likita ya cire shi, gurbinsa yana ta zugi duk lokacin da babur ya faɗa rami.

Da na kashe babur a gindin ɗorawar, sai na lura babu kukan tsuntsu ko ɗaya. Ko gyare bai motsa ba.

Sai wani wari. Ba na nono ba ne. Warin banɗakin jirgi ne, wannan na shuɗin ruwan da suke zubawa, ya cakuɗe da tsamin madara da ƙamshin turarena.

"Sannu da hanya, ɗan nan," in ji Baturiya. Muryarta can ƙasa. "Ka kawo?"

"Na kawo, Inna."

Na sa hannu na zaro ƙullin. Makullin babur ya kama ledar ya yage ta. Abin da ke ciki ya zube a tafin hannuna.

Gashi ne, baƙi, gajere, irin wanda ke zuba in mutum ya gyara gemu. Da ɓarɓashin farce. Da takunkumi guda, a dunƙule, da jirwayen yawu a cikinsa. A tsakiya kuma haƙori, da busasshen jini a saiwarsa, da baƙin ramin da na sha taɓawa da harshena.

Nawa ne. Duka nawa ne.

Nan take mahaifiyata ta faɗo mini a rai. Tun ina yaro, in an yi mini aski ko an yanke mini farce, sai ta tattara ta tona ƙasa ta binne, ba ta barin ko ƙwaya. Haka na tashi ina yi. Amma a can saman bene, a ɗakin otal da ko taga ba ta buɗewa, ina ƙasar take? Kwandon shara nake zubawa. Haƙorin ma a farantin likita na baro shi. Ashe ana bin bayana ana tsincewa, ni kuma ina yi musu dako.

"Miƙo," in ji ta. "Shi kaɗai ya rage. Guda ɗaya ya isa iri."

Zanar nan ta motsa.

Wani ya fito daga bayanta da rarrafe, sannan ya miƙe. Tsawonsa tsawona. Gemunsa gemuna, sai dai an lilliƙa shi, wani wuri cunkus, wani wuri fili. Fatarsa tana naso kamar tuwon da ya kwana. Faratansa a karkace suke, kowanne guntu-guntu aka haɗa shi. Da tsohon takunkumina a fuskarsa.

Ya sa hannu ya sauke takunkumin.

Babu haƙori ko ɗaya a bakin. Dadashi ne kawai, fari fat, yawu mai kauri yana zuba har ƙirji.

Ya sunkuya ya ɗauki ludayin. Ludayin nan nawa. Ya tsoma a ƙwarya, ya kurɓa, ya wasa a bakinsa, ya mayar da shi cikin ƙwaryar. Baturiya ta juya da ludayin, ta ɗebo, ta miƙo mini.

"Sha tukwicinka. Ai kullum shi ke fara taɓa maka."

Na kau da kai. Na yi amai a kan takalmina, ina jin ɗanɗanon nonon duk shekarar yana dawo mini.

"Me zai yi?" Na tambaye ta.

"Zama zai yi," in ji ta. "Kai ba ka zama. Gida da mata da yarinya, a bar su haka? Ba shi haƙorin ya samu bakin magana, kai kuma ka yi ta yawonka."

Abin ya miƙo hannu. Yatsunsa suka taɓa wuyan hannuna. Sanyi ƙalau, da danshi.

Na dunƙule hannuna a kan haƙorin.

Na ja a'uziyya da ƙarfi, na fizge, na faɗa kan babur. Na buga. Bai tashi ba.

Na sake bugawa.

A bayana ina jin taku, caɓ, caɓ, kamar ana tafiya a cikin taɓo.

Babur ya kama. Na murɗa.

Ya biyo ni. Ba ya ihu, ba shi da abin yi da shi. Wani gurnani ne kawai, mai ruwa-ruwa, dab da kunnena. Na ji an ja jakata. Igiyar ta tsinke, jakar ta tafi da duk tsarabar da na yi wa Zahra'u. Ban waiwaya ba.

Ina ta karanta Ayatul Kursiyyu, ina sarƙewa, ina sakewa. Haƙorin yana huda tafin hannuna.

Sai na ji kukan shanu. Sai hayaƙin wata ruga. Sai muryar ladan daga wani ƙauye yana kiran magariba.

Takun ya tsaya.

Washegari na je wurin Malam Abdulmumini, limamin ƙauyenmu, na zayyana masa komai. Bai yi mini dariya ba. Ya yi addu'a, ya sa na tona rami mai zurfi a tsakar gidana na binne haƙorin da sauran tarkacen, na ɗora turmi a kai. Na je na gaya wa Alhaji ya nemi wani ɗan aiken, ni na gama hawa jirgi. Nono kuwa, ko farinsa na hango a ƙwarya sai na kau da kai.

Ban gaya wa Karima ba. Ita ce ma ta kawo zancen, muna zaune wata rana tana tsince shinkafa.

"Gara da ka zauna, Baban Zahra'u," in ji ta. "Ni leƙowar nan taka ta magariba ba daɗi take yi mini ba. Ka shigo da takunkumi a baki, ka ɗauki yarinya ka yi ta jijjiga ta, ko uffan ba ka cewa, kafin in zubo abinci ka fice. Na ce ko aikin shagon Alhaji ne ya sha maka kai."

Na tambaye ta yaushe. Ta ce ai ba sau ɗaya ba.

Yanzu Zahra'u tana tafiya da ƙafarta. Ta ɗan saba da ni, takan karɓi abu a hannuna. Amma kullum rana ta yi ja sai ta yar da abin wasanta ta nufi ƙofar gida tana dariya, ta ɗaga hannuwanta sama a ɗauke ta. Ni kuwa ina bayanta, zaune a kan turmin, ina kiran sunanta.