Sharbat Ɗin Baikon Rawya

Ni na fara ganin soyayyar Rawya da Wagdi, kafin uwarta, kafin su kansu su sani. Ni Garib mai kwalekwale, wanda annobar amai da gudawa ta kwashe 'yan ɗakinsu kaf ta tsallake shi, babu abin da ke wuce ni a ruwan nan!

Ranar da abin ya fara lalacewa, Rawya ta shigo kwalekwalena idanunta jawur, kwalabe a cinyarta.

"Baba Garib, kai ni bakin bututun gonar kifi."

"Gonar surukinki, 'yata?"

"Kai ni kawai..."

Aikinta ke nan. Ta ɗebi ruwan magudanar ƙazanta, ta ɗebi na ƙoramar da muke sha, ta kai ɗakin gwaji a birni ta ware ƙwayoyin cuta dangi-dangi. Wai shuni ake shafa musu a wanke. Wasu su riƙe, wasu su saki su koma ja kamar sharbat, abin shan da muke rabawa a biki.

A kwalekwalen nan ta yi wa Wagdi wannan bayani, ɗan Hajj Mitwalli mai gonar kifi, ranar da suka fara haɗuwa.

"Ni wane iri ne, Dakta?"

"Sai an wanke ka za a sani."

Ya yi dariya har ya kusa kifar da mu. Nan take na ce a raina, an gama!

To, ranar da na kai ta ɗin, ga shi tsaye a bakin bututun yana jiranta.

"Dangi ɗaya ne, Wagdi," ta ce. "Ƙwayoyi ne kamar 'yan sanduna jajaye, masu kawo zazzaɓin hanji. Daga magudana suke shiga tafkunan babanka, bututun nan ya zubo mana su a ƙorama."

"Hasken idona, bari a karanta mana Fatihar baiko tukuna..."

"Yaran Umm Sabir biyu suna kwance da zazzaɓin nan!"

Ya sunkuyar da kai.

"Je ki faɗa. Ina nan."

Ta kai magana hukumar lafiya. Gidan Hajj Mitwalli ya kama da wuta.

"Mai wasa da kashin mutane ce za ta ce ruwanmu ƙazanta ne?" in ji uwar Wagdi, Hajja Sakina.

Wagdi ya kafe, ita ko ba kowa. Aka sa ranar Fatiha. Tahani kuwa, 'yar ƙanwar Hajja da ta daɗe tana harinsa, ta raɗa wa innarta dabara.

A ƙauyenmu amarya ce ke shan kofin farko daga hannun uwar miji. Wadda ta mayar da shi, gidan ta mayar.

Ranar Fatihar ina wurin, don ba a biki babu ni. A gaban kowa Tahani ta sauka ƙorama, daidai ƙasan bututun, ta ciko kofi, ta zuba jan sharbat ta motsa.

"Ga shi, Inna. Dakta ta ɗanɗana ruwan gidanmu mana!"

Hajja ta miƙa.

"Sha, 'yata. Ko mun yi miki ƙazanta?"

Guɗa ta tsaya. Hawayen Rawya na sauka kan jar rigarta. In ta ƙi sha, ta rasa shi. In ta sha...

Wagdi ya fizge kofin.

"Abin da aka ba matata, ni aka ba."

"Wagdi, kar ka sha!"

Ya shanye tas, ya goge baki, ya yi mata murmushi.

"An wanke ni, Dakta. Na riƙe ko na saki?"

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kwantar da shi. Rawya ta yi roƙo har da durƙuso a kai shi asibiti. Hajj Mitwalli ya rufe mata ƙofa, don kai shi asibiti amsa laifi ne. Hajja ta ce kambun baka ne, ta cika ɗakin da turare.

Sai da cikinsa ya kumbura suka kira ni in kai shi asibitin birni. Duk ƙauyen babu mai tuƙi irin nawa, ko a wannan tsufan, kuma na tuƙa kamar hannuwana za su cire. Kansa na kan cinyar Rawya, inda kwalabe ke zama.

"Rawya... ba ki ba ni amsa ba."

"Ka riƙe, masoyina! Wallahi ka riƙe! Ka ƙara riƙewa kaɗan, ga gadar birni can..."

Bai kai gadar ba.

An ɗebi jininsa tun yana kwance, a ɓoye, da hannunta. Ita ta shafa shunin, ita ta wanke, ita ta leƙa. Jajayen sandunan nan ne, dangin na bututu.

Hajj Mitwalli da kansa ya kwaɓa siminti ya toshe bututun, yana kuka kamar yaro. Yaran Umm Sabir sun tashi. Tahani ta bar garin. Rawya har yau tana shiga kwalekwalena da kwalabenta, cikin baƙaƙen kaya, kuma ba ta ƙara taɓa wani abu ja a kofi ba.

Wasu 'yan zaman shayi suna cewa wai ƙarin gishiri nake, wai ruwa ba ya kisa tunda ni na sha shi tun ina cikin tsumman goyo ban mutu ba. Ni Garib ne, ku su wa? Magudanar tana nan, kwalekwalena na nan, kofin ma yana wurina. Mai musu ya zo. Sharbat ɗin ni zan kawo.