Miyar Lami

Kwanon ya daki bango, fau! Miyar kuɓewa ta fantsama har kan zanen Susanna.

"Wannan abinci ne ko horo?" Barau ya faɗa yana haki. "Ruwa ki auna mini a kofin shayi, miya ki kawo mini lami! Kin gaji da ni ne?"

Susanna ta durƙusa tana kwashe tuwon, hawaye na ɗiga. Wannan fa shi ne Barau, ma'aikacin gonar gwaji ta Samaru, wanda a zamanin neman aure yake tuƙo keke ba hannu har Sabon Gari don kawai ta yi dariya. Yanzu ciwon ƙoda ya kumbura shi, ƙafafu kamar turame. Likita ya kafa doka: ba gishiri, ba kanwa, ruwa kaɗan-kaɗan.

"Maigida, odar dokta ce, ba tawa ba."

"Dokta ne mijinki? Kullum ki dire kwano ki fice, kamar mai ba kare abinci!"

Ana cikin haka sai ga Baturiya, mahaifiyarsa, daga ƙauye da ƙunshi a ka. Ko zama ba ta yi ba ta lakaci miyar da ta rage a kwanon, ta kai baki, ta tofar.

"Tir! A garinmu mace ba ta kai wa miji miyar lami sai in auren ya ishe ta. Har ruwa kike hana shi? Ruwan da ko maƙiyi ba a hanawa?"

"Inna, Allah ya sani—"

"Rufe mini baki! Tattara naki ya naki, ki tafi gidan yayanki!"

Susanna ta dubi mijinta. Barau ya juya fuska bango. Wannan juyawar ta fi korar ciwo.

A Dogarawa, gidan yayanta Kefas, ta rame kamar kara. Duk girkin da aka yi, sai ta ɗebi nata kafin a sa gishiri. Matar Kefas ta yi ta tsokanarta: "An kore ki, kuma kina yi wa gishiri azumi?"

"In na ci, ji nake na ci amanarsa," in ji Susanna.

A Samaru kuwa biki aka buɗe. Tsohuwa ta zabga miyar kuka, gishiri da kanwa ba awo, ta girke tulun ruwa a gefen gado. Barau ya ci ya suɗe, har maƙwabta suka jiyo shi yana waƙa. Waƙar ba ta daɗe ba. Kumburi ya haura ƙirji, numfashi ya koma kamar zugazugi. Da lorin ma'aikata aka kai shi asibiti ranga-ranga.

Da jin labari, Susanna ta iso da gudu, takalmi a hannu, Kefas na biye da ita. Ta tarar nas ɗin ɗakin, Sista Ukachi, ta tsare tsohuwa a baranda.

"Mama, wa ya ba shi gishiri? Saura kaɗan da yanzu makoki kuke!"

Baturiya ta zube ƙasa. "Ni ce. Ɗana ne... gani na yi ya daina dariya."

Sista ta juyo kan Susanna. "Ke ma da naki. Kin lura da ƙoda, kin manta da mai ƙodar. Marasa lafiyan nan da kike gani, waɗanda ake zama da su ana hira su ne ke bin doka. Wanda aka bari shi kaɗai, sai ya ɗauka gajiya aka yi da shi."

Susanna ta sunkuyar da kai.

Barau ya samu sauƙi, amma likita bai ɓoye musu ba: ciwon ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. Aikin gona ya ƙare. Keken nan na taƙama yana jingine a zaure, tayoyi sun sace.

Ranar da aka sallamo shi, Baturiya da kanta ta ce Susanna ta dawo ɗakinta. Da azahar Susanna ta shigo da kwano ɗaya. Ba ta fice ba. Ta wanke hannu, ta zauna gaban mijinta.

Tsohuwa ta dafe ƙirji. "Mace da miji kwano ɗaya? Ina kunya?"

"Inna, kunyar nan ce ta kusa raba ni da shi."

Barau ya riƙe hannunta. "Ba za ki iya ba, Susanna. Lami ne fa."

"Shi nake ci tun ranar da dokta ya faɗa. A kicin, a ɓoye."

Barau ya dubi kwanon. Hawaye suka gangaro kan kumatunsa. "Sori, Susanna. Ki yafe mini."

Baturiya ta daɗe tana kallonsu. Can ta matso, ta gutsiri tuwo, ta dangwali miya, ta kai baki. Fuskarta ta yamutse kamar tsohuwar jakar fata.

"Kai! Wannan abu ko akuya ba ta ci!" Ta sake miƙa hannu. "Ku matsa mini."

Samari da 'yan mata, ku riƙe wannan: jinya ba magani kaɗai ba ce. Mai ƙaunarka yakan hana ka abin da kake so, amma in ya hana, ya zauna ya sha ɗacin tare da kai. Susanna ta yi haƙuri, Allah ya mayar mata da ɗakinta da mijinta. Har Barau ya koma ga Mahaliccinsa, bai sake cin abinci shi kaɗai ba.