Gishirin da Yake Zuwa Shan Iska

A wani zamani da ba ni da shaidarsa sai bakina, akwai wata kasuwa a bakin kogi, inda Jatau da Tabawa suke sayar da gishiri, shago na kallon shago.

Jatau ɓarawo kawai yake tsoro. Ya sa ƙofar ƙarfe, ya rataya makullin a wuya. Tabawa kuwa, da hadari ya fara haɗuwa, sai ta ɗora wa jaki rabin gishirinta, ta kai gidan ƙanwarta a kan tudu.

Abin ya ɗaure wa Jatau kai. Ya ce, "Yaya Tabawa, me gishirin nan yake yi a tudu?"

Ta ce, "Iska yake sha."

Bara ya tambaya, iska yake sha. Bana ya tambaya, iska yake sha.

Ran nan kogi ya tumbatsa, ya shigo kasuwa ba sallama, ya kwana ya koma. Jatau ya sheƙo a guje, ya duba ƙofarsa. "Alhamdu lillahi, ba wanda ya taɓa ta!" Ya buɗe. Buhunansa suna nan cif, sai dai duk sun lafe a ƙasa, ruwa ya narkar da gishirin, ko na miya ɗaya babu a ciki.

Shagon Tabawa kuwa ya rushe. Amma ran kasuwa sai ga jakinta yana gangarowa da kaya. Ta shimfiɗa tabarma, ta tura wa Jatau buhu guda ya fara da shi.

Jatau ya daɗe yana kallon tudu, yana murza makullinsa. Can ya ce, "Yaya Tabawa, gidan ƙanwar nan taki, akwai sauran iska?"