Jarfar Baƙin Tukunya

Da hantsi Insifekta Tubban ya haura dutsen Kalinga, yana haki yana tsine wa takalminsa. An kawo rahoton sata a gidan makoki: sarƙar duwatsun gado ta marigayiya Lagayan ta ɓace kafin a binne ta.

Remedios, 'yar marigayiyar, ta tare shi idanunta jajur. "Ranka ya daɗe, ga ɓarauniyar nan, matar ƙanena! Daga uwa zuwa 'ya sarƙar nan ke tafiya. Yau sai ɓarauniyar ta bar gidan nan!"

Luningning, matar ƙanen, baƙuwa ce daga bakin teku, ta tsaya rungume da jaririnta. "Ko taɓa gawar ban yi ba."

Insifekta ya je wurin gawar, ya ga hannunta ya leƙo daga bargo, ya ɗaga hannun rigar. Daga wuyan hannu har kafaɗa an zana mata saɓar mesa, irin jarfar matan da. Ya shafa, sai zanen ya goge a yatsansa.

Ya dubi Remedios. "Mahaifiyarki tana da jarfa?"

"Ina! Tana yarinya aka kai ta makarantar coci, suka hana."

A gefen murhu yayar marigayiyar ke zaune, tsohuwa Wanay, hannuwanta cike da jarfa ta gaske.

"Kaka, kin shiga wurin gawar?"

"Ni da waɗannan ƙafafun? Ɗan nan, ka tambayi masu tafiya."

"To, miƙo hannunki."

Ta ƙi. Ya kama a hankali ya buɗe. Farcenta duk baƙin tukunya.

Ya koma ya kwance bargon da aka naɗe gawar da shi. Sarƙar na kwance a kan ƙirjinta.

Tsohuwar ta fashe da kuka irin na yara.

"Ni ce. Ranar da aka yi min jarfa, ƙayar lemo ta shiga fatata, Lagayan ce ta riƙe min kai, ta ce gobe nata. Goben ne suka tafi da ita makarantar coci. Kakanninmu a lahira da jarfa suke gane nasu. Na zana mata, na ga zai goge, sai na sa mata sarƙar, na ce ko ita uwarmu ta gani ta gane 'yarta."

"Kika bari a kori wannan da jariri?"

"Na bari. Tsoro na ji kada a ciro sarƙar."

Tausayi ya kama Insifekta, amma rahoto rahoto ne. "Tashi mu je ofis, Kaka, ki faɗa da bakinki."

Remedios ta ɗauki sarƙar ta rataya a wuyanta, ba ta dubi Luningning ba.

Insifekta ya goya tsohuwar a bayansa don gangara. A bakin ƙofa ta waiwaya.

"Remedios, ki riƙe sarƙarki. Amma don Allah kada ku wanke mata hannu."